Taɓaryar Ɗantsoho

Ina tsaye a kan kifaffen turmi, na dafe kan katanga da hannu biyu, zanina yana neman kwancewa, sai ga ni ido da ido da Ɗantsoho tela, Allah ya jiƙansa, yana riƙe da taɓarya. Ya tsaya cak, ni ma na tsaya cak. Matarsa Rabi kuwa tana zaune a bakin murhu, ta toshe baki da bakin zani, kafaɗunta sai rawa suke yi don dariya.

Ba gulma ce ta hau da ni katangar nan ba, ko da yake ba zan rantse cewa ba na ɗan taɓawa ba. Kunnena ne ya hana ni sakat. Ni Hannatu mai fura, shekara ashirin ina daka a Sule Tankarkar, babu macen unguwarmu da ba zan gane dakanta daga cikin ɗakina ba. Na Rabi na san shi sarai, sauri-sauri ne kamar wadda ta bar tuwo a wuta. To amma kwana huɗu ke nan, da hantsi, ina jin wani irin daka a gidansu: a buga sau ɗaya, a yi shiru har in ɗauka an tashi, sannan a sake bugawa, shi ma a gefen turmi, ƙwas. Na ce a raina wace raguwa ce Rabi ta samo take ɓata mana suna a unguwa, bari in ga fuskarta.

Ɗantsoho taubashina ne, ɗan goggona. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, tun muna yara ba na raga masa, shi ma ba ya raga mini. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. A lokacin shekararsa arba'in da shida, kuma tun yana saurayi yake zaune a kan keken ɗinki a bakin kasuwa. Tumbi ya yi gaba, wuya ya cika, daga gida zuwa masallacin Juma'a sai ya tsaya ya huta a hanya. A shekarar fari, wadda shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Maigatari, yana cikin ɗinka rigar wani sai ya sulale daga kan kujera. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti a Gumel, ya yi wata guda. Baki ya miƙe, ƙafa ta dawo yana jan ta, amma hannu ya ƙi, sai reto yake kamar hannun rigar da aka shanya.

Malamin asibiti ya gaya masa babu allurar da za ta tashi hannun nan, sai dai a ba shi aiki kullum, a ɗaga a sauke, a ɗaga a sauke, ko yana so ko ba ya so. Rabi ta duba gidanta kaf, ba ta ga abin da ake ɗagawa a sauke kullum ba sai taɓarya. Ta ɗauko ƙaramar, ta dakan yaji, ta ɗaure masa hannun dama a jikinta da tsohon ɗankwali. Hagu ya ɗaga, dama ya bi. Abin da na tarar ke nan, namiji mai furfura a gemu yana dakan busasshiyar kuka, gumi yana zubo masa.

“Hannatu,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “don girman Allah ki sauka. Kuma abin da kika gani ya tsaya a kan katangar nan.”

Na ce ko 'yata Rabi'atu ba za ta ji ba. Na sauka ina dariya, amma wallahi har cikin raina na ji daɗi.

Kwana tara na riƙe maganar, kuma duk wanda ya san ni ya san na yi ƙoƙari. Ta bayan katanga nake bin labarin. Daga kuka ya koma barkono, ranar nan atishawarsa har a bakin titi. Daga barkono ya koma jar dawar nan ta taimako da ake rabawa a lokacin, mai taurin tsiya. Shirun da ke tsakanin bugu da bugu ya fara raguwa.

A rana ta goma Haladu mai gishiri ya zo zaurena shan fura. Haladu amininsa ne, tare aka yi musu kaciya, tare suke zama a majalisar gindin darbejiya kullum bayan la'asar. Ya sha ludayi biyu, ya girgiza kai, ya ce Ɗantsoho dai ya ƙare, sai addu'a, hannun nan ko ludayi ba zai ƙara ɗagawa ba. Raina ya ɓaci. Ni kaɗai ke da ikon raina ɗan goggona, ba wani ba. Kafin in ankara bakina ya riga ni, na ce wanda ya surfa dawa jiya shi ne ba zai ɗaga ludayi ba? Haladu ya ajiye ƙwarya a hankali, ya ce in maimaita. Nan take na so a ce ƙasa ta tsage in shige.

Kafin magariba majalisa ta ɗauka. A wurinmu namiji yana iya noma, ya yi gini, ya haƙa rijiya, ya mutu a cikinta ma a yabe shi, amma ya ɗauki taɓarya, ai ya zubar da girmansa. Haladu ya raɗa masa suna Goggo. Wani ya tambaye shi ko a yanko masa zani na Sallah, wani ya ce in matarsa ta haihu a turo wa Goggo geron kunu. Su a wurinsu raha ce. Shi kuwa ya ja ƙafarsa ya koma gida, ya sa Rabi ta jefa taɓaryar bayan rumbu.

Mako uku ban ji ƙwas ba. Rabi ta daina amsa gaisuwata, kuma da gaskiyarta. Da na kasa jurewa na shiga ba da haƙuri, na same shi kwance a tabarma, yatsun hannun sun fara lanƙwashewa ciki kamar da. Na yi ta surutu, na ce malamin asibiti ya fi Haladu sani, na ce lafiya ta fi surutun gindin bishiya. Ya bar ni na gama.

“Gara in mutu da hannu ɗaya ina namiji,” ya ce. “Yanzu ko yau na faɗi, Haladu cewa zai yi a kira mata su yi mini wanka.”

Na fashe da dariya, sai na ga shi ba dariya yake ba. Abin da ke cin sa ke nan, kuma ni na jawo.

Washegari na mirgino turmina na kafa shi a jikin katangar, daidai inda na san yana shimfiɗa tabarmarsa. Mu mata muna da lugude: biyu a kan aiki ɗaya, wannan ta buga, waccan ta buga, kowa da lokacinta, in ɗaya ta yi jinkiri sai dakan ya zama gurgu, ba mai iya saurarensa. Na buga sau ɗaya, tim, na riƙe taɓarya a sama na bar masa gurbinsa. Shiru. Na sake bugawa, na sake bar masa. Haka na yi ta yi har na gama turmi guda. Furata ba ta fita ba sai bayan azahar, Yelwa mai kawo mini nono daga ruga ta ce ko na fara taɓuwa ne.

Kwana shida ina wannan gurgun daka, ina haɗawa da baƙar magana yadda zai ji. Na ce dama ɗan mace ba ya ƙarko, na ce tun muna yara ni ke ɗaukar masa tulu. Maƙwabta suka fara aike a tambaya ko lafiya. Ni kaina kunnena ya gaji. A rana ta bakwai na buga, na ɗaga, sai na ji daga can ɓangaren, ƙwas. A gefen turmi ne, amma a kan lokaci. Na buga, ya buga. Hawaye yana zuba mini cikin gero ban tsaya sharewa ba. Da muka gama ya ɗaga murya ya ce ba don ni ya yi ba, don in bar jama'a su huta ne.

Daga ranar ba mu fasa ba, sai in yana kan hanya. Cikin wata shida aka daina ɗaure masa hannu. Da shekara ta zagayo tumbin nan ya tafi, wuya ya fito, rigunan da ya ɗinka wa kansa suka koma kamar na aro. Jan ƙafa ya ragu har sai wanda ya sani yake lura. Taɓaryar Rabi ta yi masa sakayau, ya je wurin Sajo masassaƙi ya sa aka sassaƙa masa tasa da icen ƙirya, doguwa, baƙa, mai nauyin da Rabi ba ta iya ɗaga ta fiye da sau uku.

Abu ɗaya ne bai dawo ba, yatsu ba su ƙara iya zura zare a allura ba. Ya gwada, ya gwada, ran nan ya kira ƙanensa Dogo ya ce ya zo ya ɗauki keken. Na zaci zai yi baƙin ciki, ashe shi ya riga ya ga wata hanyar. Ya fara bin Sajo daji yana taya shi ɗauko ice, daga nan ya zama mai sayar da turmi da taɓarya. Ya samu jaki, ya ɗora masa kaya, shi kuma ya bi shi a ƙafa, yau Gumel, jibi Gagarawa. Kasuwar Maigatari ta Alhamis kuwa tun Laraba yake kama hanya. Mutumin da ba ya kai masallaci sai ya huta!

Kasuwa ta karɓe shi, don babu mai turmi irinsa. Sauran sai dai su ce da mace turmin nan mai kyau ne. Shi zuba tsaba yake a ciki, ya naɗe hannun riga ya buga a gaban kowa, ya ce wannan bakinsa ya yi faɗi zai riƙa watsar da gero, ɗauki wancan. Ya dubi tsawon mace ya zaɓa mata taɓaryar da ba za ta sa mata ciwon baya ba. Har daga ƙetaren iyaka mata ke aiko mazansu, a ce a sayo na wurin mutumin nan mai daka.

Amma gindin darbejiya bai ƙara zama ba. In ya zo wucewa da jakinsa zai yi sallama, Haladu ya ce Goggo an dawo, shi kuma ya ce an dawo, yana murmushi. Kowa ya ɗauka abin ya daina damunsa. Ni na san bai daina ba, don duk ranar da aka yi haka, washegari turminsa ne ke shan wahala.

Shekara biyar bayan fari, da kaka, gero ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Ya dawo daga Maigatari ranar Juma'a yana cewa kansa yana sara masa. Ranar Asabar na buga ya amsa kamar kullum, amma na gama nawa shi bai tsaya ba, turmi bayan turmi yana ta surfe har rana ta take. Na hau kifaffen turmina na leƙa, na tambaye shi bikin wa ake yi ba a gaya mini ba. Ya ce ba biki, Rabi ce ba ta son surfe, shi ne zai shanya ya ajiye mata. Ya ƙara da cewa tsufa ya kama ni amma hawan katanga bai sake ni ba.

Ranar Lahadi da hantsi na buga, ya buga, na buga, ya buga, na buga, sai na ji taɓarya ta faɗi ƙasa, Rabi tana salati. Wannan karon ɓarin hagu ne. Dogo ya ce a nemo mota a kai shi Gumel, ya ce a'a, wancan karon ya ji a jikinsa zai tashi, wannan karon kuma ya ji wani abu dabam, a bar shi a ɗakinsa. Maganarsa ta yi nauyi amma ana ganewa.

Kwana uku ya yi a kwance, kuma in gaya muku gaskiya ba mu yi zaman makoki ba, don bai bar mu ba. Na dama masa fura na ba shi a baki, ya ce ba ta kirɓu ba, tun da ya kwanta aikina ya lalace. Na ce ya tashi ya kirɓa tasa. Ya sa Rabi ta jingine taɓaryarsa a inda zai riƙa hango ta ta ƙofa. Ya bar wa Sajo jakin, da sharaɗin kada a hau shi, a bi shi a ƙafa. Ya nemi gafarar Rabi, ta ce ita ba abin da ya yi mata sai atishawar barkono.

Ranar Talata Haladu ya yi sallama. Shekara biyar rabonsa da cikin gidan. Ya yi ƙiba, yana dogara sanda, daga zaure zuwa ƙofar ɗaki yana haki. Ni da Rabi muka matsa bakin ƙofa. Ya zauna da ƙyar, bakinsa ya suɓuce kamar yadda ya saba, ya ce, “Goggo, ya jiki?” Sai ya sunkuyar da kai.

Ɗantsoho ya miƙa masa hannun dama su gaisa. Haladu ya ba shi nasa. Ina kallo fuskar Haladu ta fara sauyawa, ya ciji leɓe, ya ɗan miƙe daga zaune, idonsa ya kawo ruwa, yana ta ƙoƙarin zare hannu ya kasa.

“Hannun da ba zai ɗaga ludayi ba ke nan,” in ji Ɗantsoho. Ni na kai masa wannan maganar tun tuni, ba na musu.

“Na tuba. Sake ni, za ka karya ni.”

Bai sake shi ba. “Kai za ka yi mini wanka, Haladu.”

Haladu ya ce, “Ni zan yi. Da hannuna.”

Sannan ya sake shi. Suka zauna har azahar suna hirar yarinta, muna jin dariyarsu daga tsakar gida, Haladu yana ta murza yatsunsa.

Ya cika ranar Laraba bayan azahar, daidai lokacin da ya saba ɗaura wa jaki kayan Maigatari, Rabi tana riƙe da hannunsa, kalmar shahada a bakinsa. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, na rasa abokin faɗana na shekara hamsin. Haladu da liman suka yi masa wanka. Dogo ya gaya mini da aka zo kan hannun dama Haladu ya daɗe yana shafa kantar da ke tafin, har sai da liman ya yi gyaran murya. Kafin magariba an kai shi.

Ranar sadakar uku muka taru dakan gumba, wadda za a raba wa masu zuwa addu'a. Rabi ta shiga ɗauko gero, sai ga ta ta fito da masakin surfaffen geron nan na ranar Asabar, wankakke, busasshe, babu ko tsakuwa. Ta ajiye a gabana, muka kalli juna. Ashe aikin sadakarsa ya rage mana.

Muka jiƙa, muka kafa turmi biyu. A'i matar Dogo ta ce ai da taɓaryar mai gida ya kamata a daka, ta je ta ɗauko, ta ɗaga sau biyu ta ajiye tana riƙe ƙugu. Mata suka yi dariya da jajayen idanu. Muna cikin haka aka yi sallama da muryar namiji, kafin a gama gyara mayafi sai ga Haladu a tsakar gida. Ya jingine sandarsa, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa. A bayansa, ta ƙofar zaure, kawunan mutanen gindin darbejiya ne reras.

“Rabi,” ya ce, “a ba ni taɓaryar.”

Ba wanda ya yi motsi. Ya je da kansa ya ɗauka, ya ɗaga ta da nishi, ya sauke a bakin turmi, ƙwas. Gero ya watse ko'ina, kaji suka rugo. Wani a zaure ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye abarsa.

Na ce, “Malam Haladu, tsakiya ake bugawa.” Na ɗauki tawa na tsaya a gabansa, na buga, na ɗaga, na bar masa gurbi. Ya duba ni, ya duba turmi, ya buga. Bai kai bugu ashirin ba numfashinsa ya ƙare, Dogo ya shigo ya karɓa, bayansa Sajo, bayan Sajo wani dattijon majalisa, shi ne wanda ya taɓa yi masa tayin zani. Gumbar ranar ba ta yi laushi ba, duk tsaki ce, da ni kaɗai na daka ta da kunya ta hana ni fitar da ita. An cinye ta tas. Haladu ya koma zaure da ƙuraje biyu a tafin hannu, yana nuna wa duk wanda ya zo gaisuwa.

Washegari da hantsi na zuba gerona a turmi, yana nan a jikin katanga inda na kafa shi shekara biyar. Na buga sau ɗaya, hannuna ya tsaya a sama da kansa. A can ɓangaren babu motsin kowa sai kajin Rabi, suna tsattsagar ragowar geron da Haladu ya watsar.